Ni na loda tirelar, Sulaiman ake zargi

Anti Maimunat, don Allah ki taimake ni, kunya ta hana ni sakat. Shekarata goma sha ɗaya a Dubai ina lodin kwantena a wani sito a Al Qusais. Alhazan Kano da sunana suke nemana, don ni kan cusa kayan da wasu suka ce ba za su shiga ba. Kin ga mutumin da bai kamata ya yi abin da na yi ba ke nan.

Muna da wata ƙungiya, kada ki yi dariya, ta masu haɗa ƙananan jiragen ƙasa masu tafiya da lantarki a kan tebur. Mu tara ne, har da Indiyawa biyu. Babbanmu Baba Labaran, ɗan ma'aikacin reluwe ne. Shekara huɗu ya yi a ɗakinsa na Abu Hail yana gina tashar Zariya yadda ya santa yana yaro, da kwali da ƙananan katakai, har da mai sayar da rake a bakin dandamali.

Wata makaranta a Sharjah ta gayyace mu nuni. Sulaiman, wani ɗan Zongon Kumasi da ke cikinmu, ya aro ƙaramar tirela wurin maigidansa, aka ɗaura a motata. Lodi kuwa ba wanda ya sa min baki, wa zai koya wa mai lodin kwantena lodi? Mu a sana'armu, abin da za a fara saukewa shi ake sawa a bakin ƙofa. Sai na tura tashar Baba can gaba tunda ba ta da nauyi, na jibge ƙafafun tebur na ƙarfe da batura da akwatin kayan aiki a baya, don su za mu fara buƙata.

Muna hawa babban titi tirelar ta fara rawa, dama, hagu, tana jan motar. Na tsorata na danna birki da ƙarfi. Allah Ya tsare rayuka, amma ƙarafan nan suka zame gaba suka niƙe rabin tashar. Baba Labaran tsugunnawa ya yi yana tsintar gutsattsarin rufi yana zubawa a hularsa.

Nan take kowa ya ce ai tirelar ce ruɓaɓɓiya, Sulaiman ya aro mana tarkace. Wallahi Anti, ni ma kai na gyaɗa. Washegari wani direban sitonmu ya ji yadda na jera kayan, ya riƙe baki, ya ce ni na jawo. Sati uku ke nan ban faɗa wa kowa ba. Sulaiman ya daina zuwa, ya aiko cewa shi halas, wato shi ke nan, ya bar ƙungiya. Ga shi Baba ya fara gyara, za mu koma nunin wata mai zuwa, kuma ya ce ni kaɗai ya yarda in yi lodi. Idan na faɗa, da wane ido zan kalle shi? Idan alhazai suka ji fa?

Naki, Mai Kunya, Al Qusais.

Mai Kunya, sannu, kuma alhamdulillahi da kuka tsira. Laifi biyu ka kawo min, ba kuma girmansu ɗaya ba.

Na farko kuskure ne na gwani. Kwantena shimfiɗe take a kan jirgi, ita kuwa ƙaramar tirela a kan tayoyinta na tsakiya take lilo. Idan baya ya fi nauyi, gabanta zai ɗaga, dole ta yi rawa. Kayan nauyi su zauna ƙasa, kusan kashi shida cikin goma a gaban tayoyi, yadda kusan kashi ɗaya cikin goma na nauyin duka zai danne ƙugiyar da ke haɗa ta da mota. Ku auna ta a sikeli, kada ku wuce abin da aka rubuta wa motar da tirelar. Ku ɗaure komai tamau, tashar kuma a yi mata akwatinta. In ta sake rawa, ka riƙe sitiyari sak, ka ɗaga ƙafa daga totur a hankali, ban da danna birki.

Na biyu kuwa ba kuskure ba ne. Na fahimci tsoronka, da sunanka kake cin abinci. Amma Sulaiman ma yana da suna, kuma shi ke ɗauke da kayanka sati uku. Ka je wurinsa da ƙafarka tukuna ka faɗa masa gaskiya, ba ta waya ba. Sannan ku tafi wurin Baba tare, ka maimaita a gaban waɗanda ka gyaɗa kai a gabansu. Wataƙila Baba ya yi fushi, haƙƙinsa ne. Ka roƙe shi ya ba ka aikin liƙa rufin nan ɗaya bayan ɗaya.

Ranar nuni kai za ka yi lodin, tunda yanzu ka iya. Amma kada tirelar ta motsa sai Sulaiman ya zagaya ta ya ce a tafi. Allah Ya ba ka ƙarfin hali, Ya kai ku Sharjah lafiya ku tara cif.