Jirgin da Ba Ya Makara

Zuwa ga Yaya,

Assalamu alaikum. Ina gaishe ka da fatan kana lafiya, kai da Anti da yara, Allah ya ƙara rufa asiri. Nan gida kowa ƙalau. Ƙafar Kawu ta yi sauƙi, har ya koma shago. Ni ma ina nan a tashar jirgin ƙasa, inda aka ajiye ni da digirina a ɗakin sanarwa, ni da lasifika.

Maganar Inna ce ta sa na rubuto. Kamar yadda ka sani, likita ya sa mata ranar cire yanar ido, kai kuma ka ce mata a waya ta hau jirgin safe daga ƙaramar tashar unguwarsu, domin ka ga an ba kamfaninmu lambar yabo saboda kiyaye lokaci. Lambar gaskiya ce, tana rataye a ofishin Manaja, kullum sai an goge ta, ko da ba a share ɗakin jira ba. Amma bari in gaya maka yadda aka samo ta. A nan babbar tasha kaɗai ake duba lokacin isowar jirgi. Don haka duk ranar da ya makara a hanya, sai a kira direba a ce kada ya tsaya a ƙananan tashoshi. Ba ji na yi ba, teburina yana jikin na mai kiran. Ba kuma kullum ba ne, kada in yi musu ƙari, amma ba wanda zai iya gaya maka tun jiya ko yau za a tsaya.

Ranar aikin Inna ba a tsaya ba. Ƙanwarta da ta raka ta ta ce tun da sassafe suke kan dakalin tashar da jakarsu, jirgin ya zo ya wuce su da gudu, taragai rabi ba kowa. A nan kuwa ya iso daidai, na faɗa a lasifika cewa ya iso kan lokaci, ina leƙen masu sauka ta taga, babu Inna. Kafin su sami mota su iso asibiti likita ya tashi.

Na samu Manaja a ofis cikin ladabi, don har yanzu ba a tabbatar da ni a aikin ba. Bai ko ɗago kai daga wayarsa ba, ya ce jirgi aka yanka wa lokaci, ba fasinja ba. Ya ƙara da cewa mu 'yan boko sabbin fitowa komai sai mun tambayi dalili. Mutumin nan, Yaya, ban taɓa ganin ya hau jirgin ba. A mota yake zuwa, a mota yake komawa, shi ne kuma gwanin sufuri.

Likita ya sake ba ta rana a makon gobe, ya kuma ce in ta sake saɓawa zai ba wani gurbin, ita sai ta koma ƙarshen layi, idon kuwa ba jira yake ba. Na roƙe ta ta zo ta kwana a ɗakina ana gobe aikin, ga asibitin nan a bayanmu. Ta ƙi. Ta ce kai ka ga labarin lambar da idonka, ni kuwa Auta tun ina ƙarama tsoro ya yi mini yawa. Wai ma laifinta ne, mayafin da ta yafa ranar mai duhu ne, bawan Allah direba bai hango ta ba. Yanzu har ta aro wani ja wur a maƙwabta, ta wanke, ta goge.

Maganarka kaɗai take ji. Don Allah ka kira ta, ka ce ka janye, ta zo wurina. In ba ka kira ba, ranar za ta tsaya a bakin dakalin nan cikin jan mayafi tana ɗaga hannu, ni kuma ina nan ina gaya wa jama'a jirgi ya iso kan lokaci.

Ka gaida Anti da yara. Kawu da Gwaggo suna gaishe ku.

Ƙanwarka,
Auta