Gadon Bakin Ƙofa

Zuwa ga Yaya Babba, shugabar majalisar gidanmu ta nesa,

Bayan gaisuwar ban girma, ni ƙaninki Auta, babban jami'in kai kwanon abinci asibiti, ina roƙon Allah Ya sa wannan takarda ta iske ki lafiya, ke da maigida da yara. Mama tana nan, sai dai ta rame. Kawu kuwa yana mulkin bencin barandar asibiti ba hamayya.

Dalilin rubutowa shi ne Baba. Kin kafa doka ta waya cewa kada a faɗa masa sakamakon gwajinsa, mu talakawanki muka bi, kullum muna ce masa gyambon ciki ne. To amma ɗakin da yake kwance yana da nasa tsari: wanda ciwonsa ya yi nisa, akan mai da shi gadon bakin ƙofa, kusa da teburin ma'aikatan jinya. Baba ya ga an kai abokin hirarsa can, ya ga an ja labule, ya ga an fitar da katifa rana. Takalman mutumin suna ƙarƙashin gadon har yau, ba wanda ya zo ɗauka. Ko na rufe ido ina ganinsu.

Jiya aka kai Baba gadon. Kawu ya yi caraf ya ce don iska ne, Baba ya yaba iskar har da godiya. Da su Kawu suka fita, Baba ya riƙe hannuna ya ce, "Auta, yau ajiye manyan kalmominka. Me likita ta ce?" Yaya, duk fasahata ta gudu. Na ce bari in ɗebo ruwa, alhali gorar cike take.

Likitar ta tare ni a baranda. Ta ce jikin nasa ne, labarin ma nasa ne, kuma ranar da ya tambaye ta ba za ta yi masa ƙarya ba. Ta ce mai yiwuwa yana da wasiyya, ko yana son ya ƙarasa a ɗakinsa, mu kuwa mun tsare shi da hirar gyambo.

Saboda haka ina roƙon ki janye dokar nan, ki kira shi da kanki. Bai sake tambayata ba, kallona kawai yake yi.

Mama da Kawu da Inna Ƙarama suna gaishe ki. Ki shafa mini kan yara. Baba ma yana gaisuwa, ya ce lallai in rubuta miki cewa gyambon yana sauƙi, kada ki damu.

Ƙaninki mai biyayya,
Auta