Alkyabbar Mama

Zuwa ga Yayana Armand,

Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya, da Colette da yara. Allah ya ƙara tsare ku da sanyin Alberta. Mu nan Moncton lafiya lau, Baba ma ƙafar ta yi sauƙi, sai dai mantuwar tana ƙaruwa.

Jami'a ta aiko cewa za a ba Mama digirin digirgir ɗinta a bikin watan Mayu, tunda ta kammala kundin kafin rasuwarta. Ka san al'adarsu: a kira suna, ɗalibi ya sunkuya, malaminsa ya rataya masa ƙyallen girmamawa a wuya. Malamar Mama ta ce in ba wanda ya tsaya a madadinta, a kan kujera za a ɗora shi. Mace ta koma aji da furfura, ta sha tsokanarka shekara da shekaru, sannan a yi wa kujera tafi? Ban yarda ba.

Za ka ce ni in tsaya. Na gwada, Yaya. Alkyabbar bikin da ta saya tana rataye a bayan ƙofar ɗakin karatunta, da ƴar takardar da ta maƙala, ta rubuta "doctorial". Kalmar nan ce da ta tono a tsohon ƙamus, mai nufin abin da ya shafi dakta, wadda ka ce ko Turawan Ingila sun binne ta, ita kuma ta ce tsohuwa ai sai tsohuwar kalma. Ranar Lahadi bayan coci na saka alkyabbar. Har yanzu tana ƙanshin man shafawarta. Ina duba madubi na ga kafaɗun Mama. Sai Baba ya leƙo, fuskarsa ta washe, ya kira ni da sunan Mama, Jeannine, ya ce ashe na dawo, shayina na nan bai huce ba. Da na tuɓe ta, sai ya shiga bin ɗakuna yana neman Mama. Tun ranar nake tsoron ƙofar nan, ko iska ta motsa rigar sai gabana ya faɗi.

Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Ka zo ka sunkuya mata. Kai gemu gare ka, Baba ba zai ruɗe ba. Ni in na hau dandamalin nan, sau biyu zai yi rashinta.

Ka gaida Colette, da Luc, da ƴar auta Maëlle. Inna Bernadette tana gaishe ku.

Taka ƙanwa,
Odile