Tsutsar da Muka Kiwata da Rifkatu

Daren Laraba, Gyaɗi-Gyaɗi

Na dawo daga asibiti a gajiye, ko hijabi ban cire ba 'yata Hanifa ta ja ni bakin taga. Tsutsar da malaminsu ya ba su a kwalba ta rikiɗe, malam-buɗe-littafi ya fito, fikafikansa a jiƙe. Ta ce a aji an nuna musu bidiyon irin waɗannan tsutsotsin da aka kai sararin samaniya, inda abu ba shi da nauyi. Su ma sun fito, amma in sun tashi sai su yi ta jujjuyawa. Aikin ɗalibai shi ne su kwatanta da nasu.

"Umma, ke kin taɓa kiwon tsutsa?"

Na ce e, sai Rifkatu ta faɗo mini a rai. Maƙwabtanmu ne a Unguwar Gano, 'yan Filato, babanta malamin firamare. A jikin bishiyar lemun tsaminsu muka samo tsutsa, muka sa a gwangwanin madara a ɗakinmu. Kullum da safe sai ta leƙo ta katanga: "Zainabu, ya fito?" Kwatsam aka yi wa babanta canjin wurin aiki, suka koma gida. Bayan tafiyarsu malam-buɗe-littafin ya fito, ni kaɗai na sake shi, ina kuka. Tun daga nan ban sake jin ɗuriyarta ba.

Hanifa ta ce, "To ki neme ta mana, ai ba ta san ƙarshen labarin ba."

Na yi dariya, amma bayan isha na kira Inna ta tuna mini sunan babanta da garinsu. Gobe zan tambayi Sista Ladi a wurin aiki, ita ma 'yar can ce. Allah ya sa tana raye.