Tsumman Atamfata a Takalmin Takwarata

Assalamu alaikum mai wannan shafi, da ku masu karantawa. A ɓoye sunana. Ban yi boko ba, ƙawata ce ke rubutawa ina faɗa, kuma ta rantse maganar ba za ta fita daga bakinta ba. Ina roƙo kada ku yanke mini hukunci sai kun kai ƙarshe. Wanda kuma zagi ya kawo shi, ya ƙara gaba, na girmi uwarsa.

Ni tsohuwa ce a Riyad, a unguwar Suwaidi nake zaune gidan ɗana na fari. Da ƙuruciyata na yi aikin raino a unguwar ofisoshin jakadanci, gidan wasu Turawa. Duk sanyi in za su ƙasarsu hutu da ni ake tafiya, saboda yaransu ba sa cin abinci sai a hannuna. A can na koyi zamiyar ƙanƙara. Ee, ni ɗin nan. Ku yi dariyarku. Alluna biyu dogaye a ƙafa, sanda biyu a hannu, kujerar da ke rataye a waya ta kai ka kan dutse, ka gangaro ta hanyar da mota ta share ta daidaita kamar an taje ta da matsefi. Ba wanda ya koya mini, bin yara na yi har na iya, don kada su ɓace mini. Da tsohon takalmin uwar gidan na koya, ya fi ƙafata nesa ba kusa ba, tsumma nake cusawa a bakinsa in sa safa biyu, kuma ban taɓa karyewa ba. Ku riƙe wannan, za mu dawo kansa. Da suka tashi daga Riyad wasan ya ƙare mini, tun ɗana bai shiga makaranta ba. Sai labari ya rage, kuma na ba da shi har mutanen gidanmu suna kallon juna in na ɗauko.

Wadda ta fi kowa kallon nan ita ce matar ɗana. Haifaffiyar unguwar Badi'a ce a nan Riyad, iyayenta mutanenmu ne amma Larabci ya fi Hausa zama a bakinta, kuma ba ta shan ruwa sai ta tambayi wayarta ko ya dace. Ba ta taɓa zagina ba, wannan zan faɗi gaskiya. Amma akwai ladabin da ya fi zagi ciwo. In ina labarin dutse sai ta ce, “Ma sha Allah, Hajiya,” da irin muryar da ake yi wa yaro in ya ce ya ga zaki a bayan gida. 'Yarsu ɗaya, sunana aka sa mata, Takwara nake ce mata. Ta fara tasawa, ba ta kai budurwa ba. Ita kaɗai ta yarda da ni. Ita ta dami ubanta har ya ce bana hutun sanyi za a je Turkiyya, a ga ko Kaka ta iya ko cika baki ne.

Ɗana ya ce a can ake hayar komai. Na ce allunan yarinya a yi haya, amma ni ba zan zura ƙafata inda wani ƙato ya yi gumi ba, Takwara ma haka, kuma alluna nawa na kaina nake so kafin in mutu, na gaji da aro. Saboda haka muka je wani babban shagon kayan wasanni, ni da matar ɗana da yarinya. Nan aka fara ɓata mini rai. Mai shagon, wani Balarabe mai gemu kamar an zana da biro, ya tambaye ni wace irin hanya zan bi, shararriya ko cikin daji. Na ce shararriya, ni ba mahaukaciya ba ce. Ya ɗauko wasu alluna gajeru, iyakarsu haɓata, masu faɗin kai da siririn ƙugu kamar kalangu. Na ce masa na yara ne wannan, a zamaninmu ɗaga hannu kake sama, inda wuyan hannunka ya tsaya nan allo ke tsayawa, kuma miƙaƙƙe ne sambal. Ya ce, “Ya Hajja, yaushe rabonki da dutse?” Na ce tun kana cikin zanen goyo. Ya yi dariya ya ce irin waɗancan yanzu sai a jikin bango don ado, waɗannan da kansu suke juyawa in ka karkata, kuma wanda ya daɗe bai hau ba gajere da laushi ya fi masa, don gwiwar yau ba ta jiya ba ce. Sannan ya ce in faɗi shekaruna, in hau ma'auni, wai da nauyina zai saita ƙarfen da ke cije takalmi, ya sake ni in na faɗi. A gaban mutane. Namiji ya tambayi tsohuwa nauyinta kamar ragon layya. Matar ɗana ta ce, “Hajiya, ki hau kawai, don lafiyarki ne.” Na ce, “Na ji Larabcinsa, ba na neman tafinta. Ina sayen tumatir da Larabci uwarki ba ta yi aure ba.” Na hau dai, na karɓi gajerun, don babu wasu.

Takalmi ya gwada mini wanda ya kama ƙafata cif, ya ce safa ɗaya siririya, in miƙe yatsuna su taɓa gaba, in lanƙwasa gwiwa su ja baya, dunduniya kada ta ɗaga. Na yi mita amma na karɓa, tunda ƙafata ta gama girma. Da aka zo kan Takwara aka yi mata haka nan. Yarinya ta ce yana matse ta. Mai shago ya ce haka ake so. Uwarta ta duba waya ta ce haka ake so. Ni kuwa jinina ya hau. Jama'a, a ina aka taɓa saya wa yaro mai girma takalmi daidai ƙafarsa? Wace uwa ce ta yi haka a garinmu? Takalmin sallah ma da rata ake saye, yaro ya girma ya tarar da shi, balle wannan da ya kai kuɗin tunkiya. Na ce a ba ta babba. Uwarta ta ce, “Hajiya, wannan ba takalmin sallah ba ne.” A gaban Balarabe ta faɗa mini haka, shi kuma ya sunkuyar da kai yana murmushi. Ita da ba ta taɓa ganin ƙanƙara ba sai a firji.

Washegari tana wurin aiki na ɗauki kwalin na tari mota na koma shagon. Na tarar da wani yaron shago daban, na ce an yi kuskure, ya canza mini irinsa, launinsa ɗaya, amma mai rata sosai. Na dawo na yaga tsohon zanena, atamfa ce shuɗiya mai zanen ganye wadda kowa a gidan ya san ta a jikina, na cusa a bakin kowace ƙafa. Na ce wa Takwara, “Na gyara miki, ba zai ƙara matse ki ba. Tsakanina da ke ne, kada uwarki ta ji.” Ta rungume ni. A can Turkiyya ma ni na riƙa sa mata takalmi kullum, na ce wannan aikin masana ne, uwarta ta ja baya ta bar ni.

Yanzu ga abin da ko ƙawata mai rubutun nan ba ta sani ba sai yau. Kwanakin farko a ƙasa-ƙasa aka tsaya da mai koyarwa, yarinya tana ta faɗuwa ana cewa rashin sabo ne. Ranar da muka hau sama ni da ita, na ɗora ƙafa a kan shararriyar hanyar nan, sai jikina ya tuna komai. Kuma na ji abin da ban taɓa ji ba a duk shekarun da na yi da takalmin aro: ina motsa ƙafa allo yana amsawa, kamar jikina ne. Ashe duk zamanin can kokawa nake da takalmi ban sani ba, ƙarfin ƙuruciya ne ya rufa mini asiri. A wannan lokacin na gane mai gemu ya yi gaskiya. Na gane, wallahi na gane. Takwara tana bayana tana kira, “Kaka, ƙafata tana yawo a ciki.” Me ya hana ni tsayawa? Ɗana da matarsa suna ƙasa sun ɗaga waya suna ɗaukata, Turawa suna juyowa kallon tsohuwa baƙa da hijabi ƙarƙashin hular kwano tana yanka hanya. Shekara da shekaru ana ce mini “ma sha Allah” na reni, ga ranar wanka ta zo. Na waiwaya na ce, “Matse ƙafarki ki biyo ni.” Ta biyo ni. A kwanar farko ƙafarta ta juya, allon bai juya ba.

Ƙashin ƙwaurinta ya karye. A ɗakin jinyar da ke gindin dutsen, mutumin da ya cire mata takalmin ya zura hannu ta bayan dunduniya, ya nuna wa ɗana, ya ce wa ya sa wa yarinya wannan kwale-kwale? Ɗana ya juya kan matarsa, “Ke kika je gwaji. Ke da wayarki. Me kike kallo?” Ta karɓi takalmin ta juya shi ta karanta lambar da ke jiki. Ta ɗago ta dube ni. Ni ma na dube ta, ban ƙifta ba. Sai ta ce, “Ni ce.” Shi ke nan abin da ta ce. Ni kuma, Allah Ya yafe mini, na buɗe baki na ce, “Ai dama abin da babba ya hango, yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba.” Ɗana ya ɗauka ina nufin na gargaɗe ta ta ƙi ji. Na bar shi a haka.

Tun da muka dawo Riyad ba ya cin abincinta. Yarinya tana kwance da ƙafa a ɗaure, likita ya ce za ta warke amma sai a hankali. Ɗana mutum ne mai riƙo, a wurina ya gado. Ya ce ranar Juma'a in an sauko masallaci zai kai matarsa Badi'a gidan ubanta ta huta. Kun san irin wannan hutu, ba kowace mace ke dawowa daga shi ba. Kuma kada in yi muku ƙarya, ba takalmi kaɗai ba ne, na daɗe ina zuba masa ƙananan maganganu a kunne a kanta, takalmin dai shi ya cika tulun.

Shekaranjiya na fito daga alwala na tarar da abu a kan dardumata. Tsumman atamfata ne guda biyu. Ta ciro su daga takalmin, ta wanke, ta goge da dutsen guga, ta ninke. Na same ta a kicin na ce, “Me kike nufi da wannan?” Ta ce, “Kayanki ne, Hajiya, na mayar miki.” Na ce, “In kina da magana ki kai wa mijinki mana.” Ta ce, “Ba zan zama wadda ta sa ɗa ya kalli uwarsa da wani ido ba. Kuma ko na faɗa, maganata ce da taki.” Ta juya ta ci gaba da yanka albasa. Ku faɗa mini, wannan kirki ne ko mugunta? Da zagina ta yi da na san yadda zan yi da ita, bakina bai taɓa faɗuwa a faɗa ba. Amma ta ɗaure ni da igiyar da ba a gani, ta bar ni ina sallah a kan dardumar nan. Ban taɓa jin haushinta kamar yanzu ba, kuma ban taɓa sanin ta fi ni ba sai yanzu, abin da ya fi ƙona ni ke nan.

Za ku ce in je in faɗa masa, abu mai sauƙi a bakin wanda ba shi zai yi ba. Ɗan fari ne, ko sunansa ban taɓa kira ba, ban taɓa zama na haɗa ido da shi muna doguwar magana ba. Da guminsa nake zaune a ƙasar nan, iƙamata ma, takardar izinin zamana, a hannunsa take. In durƙusa gaban abin da na haifa in ce ni na karya 'yarka, na tsaya ina kallo ka tozarta matarka? Da wane baki zan ƙara ba da labari a gidan nan? Wa zai ƙara tambayata shawara ko ta gishirin miya?

Jiya ina shafa wa Takwara mai a ƙafar mai lafiya, ta riƙo hannuna ta ce a hankali, “Kaka, ban faɗa wa kowa ba, kamar yadda kika ce. Amma in Ummi ta tafi, zan iya faɗa?” Na ce ta yi barci. Ba ta yi ba, ta dai rufe ido don ta raba ni da kunya.

Allunan nan gajeru suna jingine a bayan ƙofar ɗakina, tsumman yana ƙarƙashin matashina, matar ɗana ta fara haɗa akwati, Juma'a kuma jibi ce. Ban zo neman wa'azi ba, na san wuta na san aljanna. Hanya nake nema, in akwai wadda yarinyar nan ba za ta rasa uwarta ba, ni kuma ɗana bai daina gaishe ni da safe ba. In kuma babu, ku faɗa mini babu, ba na son rarrashi.

Me zan yi?