Bakin Iliyasu Ya Suɓuce a Gidan Kallo

Dandamisa, Makarfi.

Zuwa ga Yaya Abdulƙadir,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fata kana lafiya da iyali a can Fatakwal. Allah Ya ƙara lafiya, Ya sauƙaƙa maka ciwon gwiwar nan. Mu nan ƙalau muke, an fara saran rake, 'yata Naja'atu kuma ta yaye ɗanta.

Yaya, maganar ɗakin da na roƙe ka ka tanadar wa ɗana Iliyasu ce ta sa na rubuto. Ka san tun da mahaifinsa Mudathir ya rasu a kurkuku kan satar shanu, ba a kiransa da komai a gari sai ɗan ɓarawo, har ya rantse zai bar mana garin. Ni kuwa abin ya hana ni sukuni, don shi kaɗai ne namijin da nake da shi.

To, ka san aikinsa a gidan kallo a Makarfi, ana nuna fim yana riƙe da makirfo yana fassarawa. Ran nan da la'asar suka sa wani tsohon fim ɗin kaboyi na Amurka, baƙi da fari, kan iyalin wani ɗan fashi da gari ya tsangwama. Mijin Naja'atu yana wurin. Ya ce da aka zo inda ɗan sanda ya tambayi yaron fim ɗin ko shi ɗan wa ne, sai bakin Iliyasu ya suɓuce, maimakon sunan Baturen ya ce shi ɗan Mudathir ne. Ka san taurin kai irin namu na gado. Bai gyara ba, sai ma ya maimaita, ya ƙara da cewa shi ko allurar wani bai taɓa ɗauka ba.

Ashe Malam Ɗan'azumi, wanda shanunsa ne aka sace, yana zaune a bencin gaba, don tun zamanin majigi ba ya wasa da kaboyi. Kowa ya zuba masa ido. Wai sai tsohon ya ce gaskiya yaron ya faɗa, a ci gaba da fim. Washegari da kansa ya zo ƙofar gidanmu, ya damƙa wa Iliyasu igiyar bijimansa biyu, ya ce ya kai masa su kasuwa shi kaɗai. Na leƙa ta zaure na ga ɗana yana jan su ta tsakiyar gari, kansa a ɗage. Wallahi Yaya na yi kuka, amma na alfahari ne.

Ka gaishe min da Yaya Badi'a, da Zayyad da Rumaisa. Ɗakin nan kuwa, ka zuba kayanka a ciki. Iliyasu yana gida.

Ƙanwarka,
Indo