Sunan Ɗan Fari

Zuwa ga Alhaji,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da addu'ar Allah Ya kai haske kabarinka, na san wannan takarda ba za ta same ka ba. Ko kana da rai ma ba karantawa za ka yi ba, ɗora ta za ka yi a kan talabijin ka ce sai an jima. Amma maganar ɗanka ce, kuma ka san bakina ba ya iya ɗaukar maganarsa a gaban mutane.

Gida lafiya. Mangwaron da ka dasa ya ishe mu har da maƙwabta. 'Yarmu Hadiza ta haihu, an sami mace. Ragowar fastocinka na zaɓe kuwa, na ga mai tsiren bakin titi yana naɗe nama da su. Na ce ai kuwa kun saba.

Har yanzu a garin nan cewa ake siyasa ce ta kashe ka. Wai baƙin cikin faɗuwa zaɓen fid da gwani ne ya zame maka ciwon zuciya. Masu ta'aziyya sun yi ta faɗin haka. Ni na san ba haka ba ne. Ranar da ka faɗi da dariya ka shigo, ka cinye tuwonka har da ƙari. Tun kafin a kaɗa gangar siyasa kake tsayawa a tsakiyar matakalar bene, ka riƙe ƙarfe kana haki, ka ce takalmi ne ya matse ka. Likitar nan 'yar Zariya a gabana ta gaya maka a rage gishiri da dunƙule, a rage kitse da man shanu, a riƙa taka ƙasa kullum, kada a yi fashin maganin hawan jini. Ka ce mata tumbi rufin asiri ne, wa zai zaɓi ɗan takara mai ramammen wuya? Ajali ne, ban ja da hukuncin Allah ba. Amma ba kai ne kake gaya wa yara Allah Ya ce tashi in taimake ka ba?

To Alhaji, ɗanmu Abba ya zama kai. Daga falo sai mota, daga mota sai ofis, daga ofis sai taron jam'iyya, tsire da lemon kwalba a gabansa. Masallacin ƙarshen layinmu ma a mota yake zuwa. An hana giya a garin nan, an raba maza da mata a motar haya, amma ban ji dokar da ta taɓa kitse ba. Matarsa Rabi ta ce in ta yi magana, sai ya ce ciwon zuciya na masu sa abu a rai ne, shi kuwa ba ya riƙe kowa. Ka ga inda zancen masu ta'aziyya ya kai mu? Gani yake tunda yana dariya ya tsira. Kai ma ai mai dariya ne.

Tsoro nake ji, Alhaji. Waya ta yi ƙara gabana ya faɗi. In na ji mota ta tsaya a ƙofar gida ba a yi hon ba, sai in ce mugun labari aka kawo. An ce wanda maciji ya sara, in ya ga baƙin tsumma sai ya gudu. Ni ba tsumma nake gani ba.

Kuma ta yaya zan gaya masa? Ɗan fari ne, ga sunan mahaifinka da ya ci. Tun ranar suna ban taɓa faɗin sunan nan ba, ban taɓa zaunar da shi na tambayi lafiyar jikinsa ba. Sai dai in aika ta bakin Rabi, ya mayar da abin wasa.

Ni ma jinina ya hau, don haka na fara zagaya unguwa da ƙafa bayan la'asar. Ka dai san Nassarawa, ba mai tafiya a ƙasa sai masu gadi da masu dafa abinci. Kowace mota sai ta tsaya, Hajiya lafiya, mota ce ta lalace? Masu a daidaita sahu su yi ta bina da hon. Har a gidan biki an ce tun rasuwarka abin hannunmu ya ƙare. Maganar ta kai kunnen Abba.

Jiya ya cim mini a kan hanyar Hotoro. Ya sa direba ya tsaya, ya buɗe mini ƙofa, ya ce don Allah Hajiya in shiga, ina ba su kunya. Na dube shi. Gumi yake yi duk da sanyin motar, wuyan riga ya shaƙe shi. Ban san lokacin da na kira shi da sunansa na yanka ba, a bakin titi, a gaban direba. Na ce masa na yi takaba na san ɗacinta, ba na so Rabi ta ɗanɗana. Na ce ya fito mu taka.

Ya kalle ni kamar bai taɓa ganina ba. Sannan ya fito.

Ba mu yi nisa ba. Muna kaiwa katangar makarantar nan ya tsaya, ya dafa bango, numfashinsa na fita da ƙyar. Da ya ga ina kallonsa sai ya yi murmushi, ya ce takalmi ne ya matse shi. Alhaji, wallahi ban taɓa gaya masa kana faɗin haka ba.

Ya yi mini alƙawarin zai je asibiti a auna shi, kuma yau zai zo mu sake fita. Da na tambaye shi yaushe, sai ya ce an jima. Ga hijabina da takalmina a bakin ƙofa. In bai zo ba, zan je ƙofar gidansa in yi ta kiran sunan nan har maƙwabta su leƙo.

Ban taɓa gaya maka ina jin tsoro ba a duk lokacin da ka tsaya a matakalar nan. Ga shi na faɗa. Allah Ya jiƙan ka, Ya sa ka huta. Ina kewarka, amma kada ka ga ɗanka tukuna. Abin da nake roƙo a kowace sujada shi ne in riga shi zuwa inda kake.

Matarka Asabe,
uwar Sulaimanu.